Tuwon da Ya Huce a Akushin Baba Hodi

Badariya, Birnin Kebbi
24 ga Satumba, 1984

Zuwa ga ƙanwata Riskuwa,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Malam Ummaru da yara. Yaya ƙarfin jikin Baba Hodi? Mu nan lafiya lau, sai matata Sauda da mura ta kwantar kwana uku, ta kuma tashi. Ruwa ya ɗauke mana da wuri bana, ban san yadda shinkafar fadama ta ji da shi a Argungu ba.

Ga dalilin takardar. Makarantarmu ta sa ni in tsara wa 'yan aji biyar ɗan littafi a kan maganganun Turawa da suka shafi abinci, da inda kowace ta samo asali. Yaran suna haddace su don jarrabawa, ba su san abin da ke ƙarƙashinsu ba. Ina so in ajiye kowace kusa da 'yar'uwarta ta Hausa, kuma ban san wanda ya fi mahaifinki wannan jari ba. Ki karanta masa, ki rubuto mini abin da ya ce. Na juya su Hausa don kada ya ce ina yi masa yaren Nasara a zaure.

In Bature zai yabi ma'aikaci, sai ya ce ya cancanci gishirinsa. Ana cewa sojojin Rum na dā, da gishiri ake ba su wani kaso na ladansu. Manyan gari kuwa, ɓawon saman burodi ake kiransu, wai don a tanderunsu na dā ƙasan burodi ƙonewa yake yi, sai a yanke saman a kai wa masu gida, a bar wa barori ƙonannen. Wanda ya tona asiri, sun ce ya zubar da wake. Wai Girkawa da wake suke zaɓe, fari na yarda, baƙi na ƙi, kowa ya jefa a tulu a ɓoye, in tulun ya kife kowa ya ga abin da ke ciki. Magidancin da ya samo abin kai wa iyali, sun ce ya kawo naman alade gida, don akwai wani ƙauye a Ingila da ke ba da ɓarin alade ga ma'auratan da suka rantse sun yi shekara da kwana ɗaya ba su yi faɗa ba.

Ta ƙarshe ita ta fi tsaya mini. In an wulakanta mutum ba tare da an buɗe baki ba, sai su ce an ba shi kafaɗa mai sanyi. Wai baƙon da ake so, gasasshen nama mai zafi ake kawo masa. Wanda aka gaji da shi kuwa, sai a ajiye masa ragowar kafaɗar rago da ta huce, shi ya san sauran. Kora ce mai ladabi, ba zagi, ba ɗaga murya.

Batun idon Baba, na faɗi abin da zan faɗa tun watan Yuli. Yanar ido ce ta rufe masa duka biyun, likitocin Sakkwato suna cire ta, mutum ya koma gani. Ya ce ba a kai Bakabe, ɗan ƙasar Kabi, inda za a kwantar da shi kamar ragon layya. Na zo da Sallah, na ga amsata. Ba zan sake tayar da maganar ba.

Ki gaida kowa.

Yayanki,
Abdussamadu

*

Argungu
3 ga Oktoba, 1984

Yaya Abdu,

Wa alaikumus salam. Hammadu direba ya kawo takardarka. Muna lafiya. Shinkafar tudu ta ƙone, ta bakin gulbi ce muke sa wa rai. A gaida Sauda da jiki.

Na karanta wa Baba bayan la'asar, yana zaune a zaure yana gyaran komarsa ta kamun kifi da lalube, ko da yake shekara huɗu ke nan rabonsa da shiga ruwa. Da na kai kan gishiri sai ya ce, "In da gishiri aka biyan soja, ran da anka yi ruwa mi za shi kai gida?" Ya ce ka rubuta: gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya. Na burodi ya ba shi dariya har da tari. Ya ce, "Su ba bara ƙanzo? Ashe barorin sun fi su wayo." Na wake ya ce ba shi da tulu, amma wake ɗaya shi ke ɓata gari. Na alade ya yi tsaki. Ummaru da ke gefe ya ce ko bijimi za a ba mu, ni da shi ba mu kai wata ba, na ce ya yi wa kansa shaida.

Da na zo kan kafaɗar rago, ya ajiye komar. Ya ce in sake karantawa. Na sake. Sai ya ce, "Rubuta mishi: albasa ba ta yi halin ruwa ba." Ya ce in kama hannunsa in kai shi ɗaki. Ga ta nan na rubuta, ka sa ta inda ta dace a littafinka.

Yaya, ni ban yi karatunka ba, firamare nake koyarwa. Amma mutumin da ya ɗauke ka kana shekara biyar da mahaifinka ya rasu, alhali dangin da suka fi shi kusa da kai suna nan, bai kamata ka yi masa abin da ka yi da Sallah ba, balle ka biyo shi da habaici a takarda. Ka san abin da ka yi.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Akwai wani Tamba da ke yawo kasuwa-kasuwa yana aikin ido. Tsinken ƙarfe yake sawa ya tura yanar ta faɗa ciki. Shi ya yi wa Balaraba mai ƙosai bara. Mako guda tana sa zare a allura a bainar jama'a, yau da sanda take zuwa ko'ina. Baba makon farkon kaɗai yake lissafawa. Ya aika wa Tamba, shi kuma ya ce zai iso Argungu ran ashirin da bakwai ga wannan wata. Na yi magana, Ummaru ya yi. Baba ya ce ɗiya da suruki ba su yi wa mutum hukunci a kan idonsa.

Kai kaɗai yake jin maganarka, ko yana musu. Ka zo.

Ƙanwarka,
Riskuwa

*

Badariya
9 ga Oktoba, 1984

Riskuwa,

Sallama da gaisuwa. Na gode da karin maganganun, na gishiri ya zauna daram. Ki gaida Ummaru.

Kin ce na san abin da na yi. Bari in faɗi abin da aka yi mini, yadda ya faru, tun da ke kina cikin gida ba ki gani ba.

Washegarin Sallah na zo da Malam Cyril, abokin aikina mai koyar da lissafi, a motarsa. Mun makara don taya ta fashe mana a hanya, sai la'asar muka iso. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure. Aka kawo wa Cyril shinkafa tana tururi, da soyayyen kifi, da naman layya a faranti. Ni kuwa Baba ya laluba bayansa ya jawo tsohon akushinsa ya tura gabana. Na buɗe. Tuwon shinkafa ne da ya huce har ya yi fata, miyar ta daskare, an ci gefe guda, ga shatin yatsu. Cyril ya dubi nasa, ya dubi nawa, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Malam, zo mu ci wannan tare." Shekarata arba'in da ɗaya, ni ne mataimakin shugaban makaranta, baƙona yana jin tausayina a gidan da na tashi. Na rufe akushin, na ce na ƙoshi. Ban yi wa kowa rashin kunya ba.

Wata biyu kafin nan na gaya wa Baba gaskiya a kan idonsa, ransa ya ɓaci. Zuwana na farko bayan haka, abin da aka tarbe ni da shi ke nan. In ba kora ba ce, ki gaya mini sunanta.

Batun Tamba, kada ki bari. Na tambayi wani likita a nan. Ya ce yanar ba fita take yi ba, tana nan cikin idon, kuma tsinken kan shigar da ƙwayar cuta. Wasu sukan gani na ɗan lokaci, da yawa sukan rasa idon gaba ɗaya, yadda ko asibiti ba ya iya gyarawa. Ki gaya wa Baba haka da sunan likita, ba da sunana ba.

Jibi zan tafi Zariya kwas na malaman Ingilishi, mako uku. In Baba yana son in zo, kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Ba zan sake kai kaina inda za a nuna mini ƙofa da kwano ba.

Abdussamadu

*

Argungu
16 ga Oktoba, 1984

Yaya Abdu,

Ina gaisuwa. Takardarka ta kwana shida a aljihun motar Hammadu kafin ya tuna da ita. Ba ka ba ni adireshin Zariya ba, don haka zan aika wannan Badariya, na rubuta a bayan ambulan Sauda ta tura maka da gaggawa.

Na karanta sau uku, ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba. Ni duk zatona girman kai ne ya hana ka cin ragowar tsoho a gaban abokinka. Ashe kai kora ka gani.

Ka manta ne, ko makarantar kwana ta wanke maka? A gidan nan Baba ba ya miƙa wa kowa akushinsa sai wanda ya sa wa albarka. Ni da ya haifa sau biyu na samu, ran da na sauke Alƙur'ani da ran da za a kai ni gidan Ummaru. Kai kuwa kana ƙarami kullum kai ke suɗe shi, har muna jin haushinka.

Ran nan tun safe ya ce in tuƙa tuwon shinkafa ban da abincin Sallah, da miyar kuka da busasshen kifi yadda kake so. Da azahar ya ci loma biyu ya rufe, ya ajiye bayansa. Ya ƙi cin kome kuma, yana ta tambaya ko an ji ƙarar mota. Da kuka iso na ce bari in ɗumama. Ya riƙe akushin ya ce, "In yak koma tukunya ya zama na kowa." Shinkafar da aka ba Malam Cyril abincin baƙo ce. Kai ba a ɗauke ka baƙo ba.

Kuma akwai abin da ba ka sani ba. Da safen nan ya sa na wanke masa riguna biyu na ɗaure a ƙunshi. Ya ce, "In yaron ga ya ci, in bi shi Sakkwato, shi yi yadda yag ga dama da ni." Ba zai iya buɗe baki ya ce ka fi shi gaskiya ba, ka san shi. Abin da ya iya ke nan. Da kuka tafi ya sa hannu a akushin ya laluba, ya ji yadda ya bar shi. Ya ce in kwance ƙunshin.

Na gaya masa abin da ke takardarka jiya. Ya ce, "Shi da ya karanta har na Turawa, namu na shi kasa karantawa?" Na ce kalma ɗaya kake jira. Ya ce shi ya riga ya yi tasa maganar, saura taka. Maganar likita kuwa, ya ce likitan bai san Tamba ba.

Saura kwana goma sha ɗaya. Ka bar kwas ɗin nan ka taho, Turanci ba ya guduwa.

Riskuwa

*

Argungu
29 ga Oktoba, 1984

Yaya,

Muna gaisuwa. Ban ji daga gare ka ba.

Tamba ya zo ran da ya ce. Na ɓoye takalman Baba, ya ce a kira mutumin har zaure. Ummaru ya tsaya a ƙofa, Baba ya tambaye shi gidan wa yake. An yi na hagu. Tamba ya ce ba ya haɗa biyu rana ɗaya, zai dawo wa na dama ran goma ga watan gobe.

Da aka gama Baba ya ce yana ganin hasken ƙofa da inuwar mutane, ya yi ta hamdala, maƙwabta suka cika gida. Jiya idon ya kumbura ya yi ja, yana ta ruwa. Yau ba ya buɗuwa. Ba ya kuka, ka san shi, amma ya riƙe ƙafar gado har jijiyoyin hannunsa sun tashi. Ya ce zafi alamar magani ce. Abinci sai kunu, shi ma kurɓa biyu.

Da hantsi na ji yana tambayar Ummaru ko motar Birnin Kebbi ta shigo tasha. Bai ambaci sunanka ba.

Ni na gaji da zama tsakanin tsofaffi biyu, ɗaya da furfura ɗaya da tabarau.

Riskuwa

*

Badariya
4 ga Nuwamba, 1984

Riskuwa,

Na iso ɗazu, na tarar da takardunki biyu a kan teburina ba a buɗe ba. Kada ki ga laifin Sauda. Ni na ce mata duk abin da ya zo daga Argungu ta ajiye har in dawo, kuma ban bar mata adireshi ba. Ta je wajen Cyril da ta ga rubutunki a bayan ambulan, shi ma bai san inda aka sauke mu ba.

Akwai abin da ya kamata ki sani, don ba na son in rage wa kaina laifi. Littafin da na samo labarin kafaɗar rago a ciki, a ƙarƙashinsa marubucin ya ƙara layi biyu. Ya ce babu wata shaida cewa Turawa sun taɓa korar baƙo da nama mai sanyi, mai yiwuwa daga baya aka ƙago labarin, asalin maganar juya wa mutum kafaɗa ne kawai. Na gishiri da na burodi da na wake ma duk ya sa musu alamar shakka. Na karanta layukan nan tun kafin Sallah. A littafin yara na yi niyyar in gargaɗe su kada su yarda da labari don ya yi daɗi. Da na zo rubuta miki sai na bar su. Al'adar da ko masu ita ba su tabbatar da ita ba na ɗauka na auna Baba da ita, na bar wadda na tashi a cikinta.

Cyril ya ba da motarsa, shi zai tuƙa. Na samu takardar likitan nan zuwa ga na Sakkwato. Gobe da hantsi muna ƙofar gida in Allah ya yarda. Ki sake ɗaure rigunan. Kada ki gaya masa ina tafe, kada ya samu lokacin shirya ƙi.

Abdussamadu

*

Sakkwato
21 ga Nuwamba, 1984

Ƙanwata Riskuwa,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya da Ummaru da yara. Wani ɗan Argungu da aka sallami matarsa yau zai kawo miki wannan. Baba yana cin abinci, yana kuma faɗa da kowa, kin ga sauƙi ya samu.

Kin tambaye ni a bakin mota abin da na ce masa a zaure har ya tashi. Ban ce kome mai tsawo ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Wa ke nan?" alhali ya san muryata. Na ce Abdu ne. Ya ce, "Malamin Turawa? Kallon makaho kat taho?" Na ce na zo neman gafara, kuma mota tana waje. Sannan ya miƙo hannu ya ce, "To ɗaga ni, ko shi ma sai ka duba littafi?" A hanya bai yi mini magana ba, sai ya yi ta ba Cyril labarin giwar ruwan da ya taɓa kamawa, wadda sai da mutum uku suka ɗauke ta.

Yanzu gaskiyar da ba zan ɓoye miki ba. Idon hagu ya tafi. Likita ya ce cuta ta cinye cikinsa, abin da suka iya shi ne kashe ciwon da hana shi yaɗuwa. Na tambaye shi da mun zo tun Satumba fa? Ya ce da aiki ne mai sauƙi kamar na ɗayan. Ni na tambaya, ni na ji amsa. Na gaya wa Baba da bakina. Ya ce, "Ni na kira Tamba, ba kai ba." Na ce ni na rufe akushi. Ya ce in mun raba laifin ido zai dawo? Na ce a'a. Ya ce to in bar shi ya sha kununsa.

Sai da suka jira kwana goma ciwon ya lafa kafin su taɓa na dama. An yi aikin ran sha shida, ba su kwantar da shi kamar rago ba, yana ji yana magana har aka gama. Kwana huɗu kansa a ɗaure, ba a yarda ya sunkuya ko ya yi tari da ƙarfi ba, salla ma daga kwance. Ni kuwa na auna barandar nan da ƙafa har masu shara sun san ni.

Jiya da safe likita ya kwance bandejin. Baba ya ce hazo kawai yake gani. Likita ya ce a dakata, wanda aka cire wa yanar ido sai da tabarau. Ya ɗauko wani mai kauri kamar gindin kwalba ya ɗora masa, ya ɗaga yatsu ya ce nawa? Baba ya ce, "Ukku. Kuma hwarcenka na son yanka." Duk ɗakin aka yi dariya.

Daga nan ya fara juya kai a hankali. Ya dubi taga, ya dubi tafin hannunsa, ya juya shi. Ya dubi ma'aikaciyar jinya ya gaishe ta. Ya wuce ni da ido har sau biyu, ina tsaye a ƙarshen gado. Rabon da ya ga fuskata sosai shekara shida ke nan, ban taɓa lissafawa ba sai lokacin. Ya ce wa likita, "Ina yaron da yak kawo ni?"

Na ce, "Ga ni, Baba."

Ya ce in matso. Na matso. Ya kama haɓata ya juya ta dama, ya juya ta hagu, kamar mai sayen akuya. Ya daɗe yana kallon kaina. Sai ya ce, "Subhanallahi. Hurhura! Ni ina ta hushi da yaro, ashe tsoho ɗan'uwana na."

Bai saki haɓar ba sai da likita ya ce lokacin ɗiga magani ya yi.

Za a sallame mu ran Litinin. Ya ce ki sa yaranki su yi wanka su jeru a ƙofar gida, ƙananan biyu bai taɓa ganinsu ba, kuma ba ya son a gaya masa wane ne wane.

Yayanki,
Abdussamadu